Rasibar Malam Ƙasimu

Tambari mai haɗa kayan kallo ne a Ƙofar Atiku. Shago ɗaya suke da amininsa Hashim, shi yana gyaran talabijin da sifiku a ciki, Hashim yana sayar da caja da wayoyi a bakin ƙofa, kowa da makullinsa.

Wata Asabar da hantsi aka kira shi unguwar Gidan Dahala. Alhaji Jalaluddeen, dillalin shanu, ya sayi rasiba ta hannu, irin akwatin nan da ke karɓar hoto da murya ya raba wa talabijin da sifiku. Kwana uku ana fama da ita a gidan, in hoto ya zo murya ta ɓace, in murya ta zo allo ya yi baƙi.

Tambari ya durƙusa bayan teburin falo ya yi dariya a ransa. An cusa wayar dikoda a ramin fita, ta talabijin kuma a ramin shiga. Ya zare su duka, ya juyo da rasibar wajen haske. Sai hannunsa ya tsaya.

Ramukan shiga huɗu ne, uku baƙaƙe, na ukun shuɗi. Shi ne ya saka wannan shuɗin da hannunsa, don ranar ba shi da baƙi. Ga ma ɗigon dalmar da ya zame masa a gefe.

Rasibar kawunsa ce, Malam Ƙasimu, wadda tsohon yake sauraron karatu da ita tun da idonsa ya yi rauni. Wata biyar da suka wuce ya aiko da ita gyara, ta ɓace daga shago ba a fasa ƙofa ba. Hashim ne ya fi kowa kumfar baki a ranar. Shi ne kuma ya ja Tambari gefe ya ce ya ga Muntari tela, maƙwabcinsu, yana leƙen shagon lokacin da suka tafi Azahar. Tambari ya tsaya a tsakiyar layi ya kira Muntari ɓarawo, mutumin da ya girme shi da shekara ashirin. Tun daga ranar ko sallama ba ta haɗa su.

"Alhaji, ina kas samo wagga?" in ji Tambari.

"Wajenku mana. Wancan dogon na bakin ƙofa, Hashim. Ya ce ta wani ce da yat tashi zuwa Abuja. Hashim ɗin ma ya hana ni kiranka, wai aiki ya yi maka yawa. Da abin ya gagara nic ce a nemo min lambarka. Lafiya dai?"

"Lahiya lau, Alhaji."

Ya ci gaba da aikinsa don bai san abin da zai yi ba in ya tsaya. Dikoda a rami na ɗaya, na'urar faifai a na biyu, waya guda daga ramin fita zuwa talabijin. Ya fere bakin wayoyin sifiku, ja a ja, baƙi a baƙi. Ya danna rimot. Hoto ya fito, murya ta cika falon, Alhaji ya tafa hannu.

Sai da ya tattara kayan aikinsa sannan ya faɗa wa Alhaji gaskiya, ya nuna masa shuɗin ramin. Alhaji ya ce, "Kwance ta. Ba ni aje kayan malami a ɗakina. Tsakanina da Hashim kuma, bar ni da shi."

Tambari ya ɗaure rasibar a bayan babur. Da ya isa shago ya dire ta a kan teburin Hashim, a kan cajojinsa. Hashim ya dube ta, ya dubi ƙasa.

"Tambari, tsaya ka ji. Lalura ta..."

"Ban tambaye ka lalura ba. Da ka ce min kana cikin matsi, ko rigar wuyana sai in tuɓe. Mi Muntari ya yi maka?"

Tambari ya miƙa masa hannu, ya ci gaba.

"Kana tsaye nan nic ci mutuncin dattijo. Har kana riƙe ni, kana ce min in yi haƙuri. Kawo makulli."

Hashim ya lalubo shi a aljihu ya ajiye. Kafin La'asar ya kwashe kayansa a buhu biyu, ba wanda ya taya shi.

Tambari ya shiga shagon tela ya durƙusa gaban keken ɗinki, inda masu jiran ɗinki za su ji. Ya faɗi abin da ya faru, ya ce, "Baba Muntari, na zalunce ka. Ka yahe min."

Muntari bai ɗaga ƙafa daga keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin. Ya yanke zare da haƙori.

"Na yahe, don Allah. Amma ɗiyata ta ji abin da kac ce a can makaranta, daga bakin 'yan ajinsu. Ita za ka je ka gaya ma."

Tambari ya ce zai je. Ya fito ya tayar da babur, ya nufi gidan kawunsa a Minanata, yana tunanin yadda zai faɗa wa tsohon, don Malam Ƙasimu ne ya raɗa wa Hashim suna.