Sunan da Za a Sa a Bayan Ambulan

Ya Kaltum ta yi aikin buga takardu a wata ma'aikata har ta yi ritaya. Shi ya sa da masu sayar da kayan ɗinki na kasuwa suka kafa ƙungiya, ba su yi dogon tunani ba wajen ba ta muƙamin sakatariya. 'Yar unguwar Mafoni ce a Maiduguri, ba ta da yawan magana, kuma duk wasiƙar da za ta fita da sunan ƙungiya sai ta karanta ta a bayyane kafin a sa hannu.

Bayan sallar layya aka amince a karɓi sababbin mambobi. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Tahir, ya faɗa mata shagunan da za a aika wa takardar shiga. A cikinsu akwai wani shagon zare da maɓallai da ke layin ƙarshe, wanda allonsa ke ɗauke da sunan Anselm. Alhaji ya ce a rubuta wa Anselm ɗin, tunda sunansa ne a kan ƙofa.

Ya Kaltum ta tambaye shi yaushe rabonsa da ganin mutumin. Alhaji ya ce gaskiya an daɗe. Kowa ya san Anselm ya koma garinsu a kudu tun lokacin da gari ya rikice, kuma 'yarsa Ihuoma ce ke buɗe shagon kullum.

"To, Alhaji, wa zai zauna a taronmu?" in ji ta. "Allo ba ya zuwa taro."

Alhaji ya nuna damuwarsa. Ba ya son a ce ƙungiya ta tsallake uba ta rubuta wa 'ya, domin hakan na iya jawo saɓani a gidan mutane. Ya Kaltum ta ga yana da gaskiya, ta roƙi ya bar mata maganar ta bincika tukuna.

Washegari ta tafi shagon da kanta. Ta tarar da Ihuoma tsaye a kan benci tana jera zare kala-kala, wani tela daga unguwar Jiddari Polo na jiran ta nemo masa shuɗin da zai dace da wata shadda. Ihuoma ta ɗaga yadin wajen haske, ta miƙa masa zare, ta yi masa tsiya da Barbarci har ya yi dariya. A Maiduguri aka haife ta. Da ta ga baƙuwa sai ta sauko, ta rusuna ta gaishe ta, ta share mata kujera.

Ya Kaltum ta faɗi abin da ya kawo ta. Ihuoma ta ce ai duk takardar da ta zo shagon da sunan babanta take zuwa, ta 'yan kamfani da ta hukumar kasuwa, ita dai tana buɗewa ta amsa. Ta saba.

"Mama, ki sa sunansa kawai, ba komai."

Ya Kaltum ta ce ba za ta yanke wannan hukunci ita kaɗai ba, Ihuoma ma haka. Ta nemi a kira mata dattijon. Da ya ɗaga waya ta gabatar da kanta, ta tambayi lafiyarsa da ta iyali, sannan ta yi masa bayani dalla-dalla: wanda aka rubuta wa takardar shi ne mamba, shi zai yi magana a taro, shi zai jefa ƙuri'a. Sai Anselm ya ba ta amsa. Hausarsa ta fara tsatsa, amma ta fito sarai.

"Hajiya, ni na gudu, ita ta zauna. Ki rubuta sunanta."

Sai ya shiga tambayar tsofaffin maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya, Ya Kaltum na gaya masa wanda ke nan da wanda Allah Ya yi wa rasuwa.

Kafin ta tashi, ta sa Ihuoma ta rubuta mata cikakken sunanta a takarda, ta kuma maimaita shi har bakinta ya kama yadda ake faɗa. Ta tambaye ta ko Malama za a sa ko Madam. Ihuoma ta yi dariya ta ce ba a taɓa tambayarta ba, amma ta fi son Madam.

Alhaji Tahir ya saurari yadda aka yi, ya ce madalla, ya sa hannu. Ya Kaltum ba ta ba ɗan aike wasiƙar ba, ita ta kai. Ihuoma ta goge hannunta a zani kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallon sunanta a bayan ambulan ɗin, sannan ta ɗauki almakashi ta yanka gefensa a hankali don kada rubutun ya yage. A ciki an yi mata maraba, an faɗi ranar taro da wurin, an kuma rubuta cewa ƙungiya na buƙatar shawararta.

Ranar taron Ihuoma ta zauna a baya kusa da ƙofa. Da aka zo maganar wani zik marar ƙwari da ya cika kasuwa yana ɓata wa teloli aiki, Ya Kaltum ta ɗaga kai daga rubutu ta ce akwai wadda ta san kayan nan fiye da kowa. Ihuoma ta miƙe. Ta ciro zik biyu daga jaka, ta nuna musu inda haƙoran na bogin ke rabuwa. Kafin a tashi aka sa ta cikin waɗanda za su tafi Kano su gana da dillalai.