Ledar Sharar Gidan Kuwahata

A garinmu ba a fitar da shara sai da sunan gida a jikin leda. A gidanmu wannan aikin mahaifina ne. Tun da ya bar aikin jirgin ƙasa, shi ke ware shara, ya ɗaure, ya rubuta Kuwahata da rubutu mai kyau kamar wanda za a rataya a bango, ya kai bakin gada inda mota ke kwashewa. Can yakan tsaya da tsofaffin unguwa su yi gulmar hankakin da ke yaga ledoji da ciwon gwiwa. Fitarsa ke nan.

A bana matata Fumie ta tsaya takarar kansila, kuma kowa ya san kujerar ƙarshe a majalisar garin tsakaninta da Inagaki ake ja. Inagaki dillalin siminti ne. Ya yi alkawarin gina ƙatuwar maƙonar shara a filin bakin kogi, a zuba komai a wuta a huta. Ya kira abin kyautata muhalli, ya manna koren ganye a motarsa. Fumie ta ce a ƙara ware shara, a rage ƙonawa, a bar filin ga yara da tsuntsaye. Wato shi ya yi wa mutane alkawarin hutu, ita ta yi musu na ƙarin aiki. Tarihi nake koyarwa, na san wanda yakan ci irin wannan zaɓe, amma duk da haka ni ke riƙe mata tuta.

Kowace safiya tana tsayawa a bakin gadar da farar safar hannu, tana rusuna wa masu tafiya aiki. Ana cikin makon zaɓe, motar shara ta zo ta kwashe komai, ta bar leda ɗaya da jar takardar gargaɗi a jikinta. Ledar garinmu garau take, ana ganin ciki: ƙayar kifi, farantan roba, har da gwangwani, duk a haɗe. Sunanmu kuma ya fito raɗau, daidai da wanda ke jikin ƙyallen takarar da ke rataye a kafaɗar matata.

Tsohuwa Tsuruta, wadda ke kula da wurin sharar, ta duƙa ta daɗe tana karanta sunan da ta sani tun kafin a haife ni.

"Malam Shozo, wannan kamar rubutun gidanku."

Daidai nan motar Inagaki ta gifta. Al'ada ce 'yan takara su gaisa ta lasifika, don haka muryar matar da ke masa shela ta cika titi: "Sannu da ƙoƙari, 'yar takara Kuwahata." Direban ma ya rage gudu, saboda ladabi.

Fumie ta ci gaba da rusunawa, kunnuwanta sun yi ja. Ni kuwa na buɗe baki, da muryar da nake jin ta kai ƙarshen aji.

"Ku yi mana haƙuri, Baba ne. Tsufa ya fara taɓa masa kai."

Ashe Baba yana bayana, cikin abokansa. Bai dube ni ba. Ya rusuna wa Tsuruta, ya ɗauki ledar, ya yi gida.

Da rana ya sa baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ya je ya sayo kwalayen alawar wake, ya bi unguwa gida-gida yana ba da haƙuri. Haka aka koya masa: wanda ya ɓata wa maƙwabta ba ya zuwa hannu wofi. Ni ban sani ba sai da Ogino, mai tafiyar da yaƙin neman zaɓen, ya shigo yana haki.

"Gidan 'yar takara na rabon kyauta a makon zaɓe. Ka san sunan wannan a wurin 'yan sanda? Mutanen Inagaki na ji, an gama da mu."

"Ban haƙuri ya je," in ji Fumie.

"Ki je ki faɗa wa alƙali. A karɓo su yau. Kuma a gaya wa kowa tsohon bai san abin da yake yi ba, don kada a ce ku kuka aike shi."

Fumie ta dube ni. "Kai ka riga ka fara wannan maganar a bakin gada, Shozo."

Ban taɓa jin wanda ya bi gidaje yana karɓe kyauta ba, sai da na zama shi. A kowace ƙofa nakan rusuna, in nemi kwalin, in maimaita cewa Baba ba shi da lafiya. Tun ina in'ina har maganar ta zauna mini a baki. Tsuruta ta riga ta ajiye nata a gaban hoton marigayi mijinta. Ta ɗauko, ta ba hoton haƙuri, sannan ta miƙo mini da hannu biyu.

Hamasaki, abokin darar Baba, ya fito da kwali a buɗe.

"Na riga na ci. In amayo maka?"

"Kawu, doka ce."

"Dokar ce ta ce ka haukatar da ubanka? Shekaranjiya ya cinye ni a dara. In shi kansa ya taɓu, ni ina za ka sa ni?" Ya tura mini kwalin a ƙirji. "Tabarau ɗinsa ne ya karye. Ya ce ba zai dame ku ba sai an gama zaɓe. Kai da kake gida ɗaya da shi ba ka lura fuskarsa babu tabarau ba?"

Ban lura ba. Na rusuna, na wuce gida na gaba, na faɗi abin da na faɗa a na baya.

Fumie ta ci da ƙyar. Ogino ya ce matan unguwa ne suka juya abin, don sun tausaya wa mace mai takara ga jinyar suruki. Kan batun muhalli bai ce komai ba. Filin bakin kogi dai yana nan.

Na saya wa Baba sabon tabarau. Ya gode mini kamar yadda ake gode wa baƙo. Alawar da na karɓo shi ya cinye ta a hankali, ya ware kwalayen, takarda gefe, roba gefe, babu kuskure ko ɗaya. Ranar shara ya ɗaure leda, ya miƙo mini alƙalamin.

"Ka riƙa dannawa sosai, ruwa na goge shi."

"Baba, ku zo mu tafi tare mana."

"Jeka, kada mota ta wuce."

Ni ke kai sharar yanzu. Rubutuna bai kai nasa kyau ba. A bakin gada tsofaffin kan rage murya su tambaye ni jikin Baba, ni kuma in ce da sauƙi.