Miyar Kukun Jirgin Ruwa

…kuma wai ni za a koya wa miya? Ni? Mutumin da ya ciyar da ma'aikatan jirgin ruwa arba'in a tsakiyar teku, igiyar ruwa na wurgi da tukunya, ludayi a hannuna na dama, na hagu riƙe da ƙugun kyaftin kada ya faɗa ruwa? Tun kafin a haifi babban ɗana nake ba da labarin nan, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

To yau ga rana ta zo. Maman yara na kwance, zazzaɓi da mura, tun shekaranjiya ko shayi ba ya wuce mata maƙogwaro. Likita ya ce maganin nan ba a shan sa da yunwa, sai ta ci wani abu. Na kai burodi, ta kau da kai. Na kai ayaba, ta rufe ido. Sai can daga ƙarƙashin bargo: "Malam, in dai miyar nan taka ta jirgi ce, zan sha."

Miyar jirgi. Madalla! Abu mai sauƙi.

…ina ake ajiye ashana a gidan nan?

Ruwan sama na dukan taga tun safe, famfo kamar ƙanƙara, yatsuna sun sandare. Wannan ba sanyi ba ne a wurina. A teku gashin bakina ya taɓa daskarewa har na karya shi na jefar. Albasa — wa ya ce kuka nake? Wake. Nama. Dankali. Tumatir. Kowa ya shiga, ba a tsaya tambayar wa ya riga wa. Gishiri… na sa? Ban sa ba. A jirgi ma ba ma ɗaukar gishiri, guga muke zurawa mu ɗebo. Sa dai, cika hannu, namiji ba ya auna gishiri da ɗan yatsa.

Ɗanɗana.

Innalillahi. Ashe na sa. Teku ne da kansa ya biyo ni har ɗakin girki.

Ba komai, ruwa ne maganinsa. Kofi… ƙara… ƙara dai. Yanzu kuma waken na iyo ɗai-ɗai kamar masu neman ceto. A ƙara wake. A ƙara dankali. Ta yi salam? Barkono. Wanne ne cokalin barkonon — wannan babban? Atishawa. Wata. Wata kuma. Subhanallahi, wannan ko gawa aka ba sai ta tashi ta nemi ruwa. Tumatir, zo ka raba faɗa. Ruwa kuma. Tukunya ta cika har tana tofi a kan wuta.

Tukunya ta biyu. Ita ma ta cika.

Tari daga ɗaki. Mai tsawo. Tsaya… ya lafa. Awarwaronta da safe, da na ɗaga hannunta, sai da ya zame har gwiwar hannu. Matar da ke ɗaukar buhun shinkafa ta hau bene tana yi min faɗa a kan takalmina. In ta ƙi sha fa? In ta kurɓa ta ture kwanon? A'a. Bar wannan. Juya miya.

Wane launi ne jirgin ma? Fari. Bara na ce wa yara shuɗi… fenti aka sake masa, mene ne abin mamaki? A ƙofar gidansu na fara ba ta labarin, ranar da wancan mai babur ɗin da shi ma ke nemanta ya zo da sabon agogo yana ta duba lokaci ba wanda ya tambaye shi. Ta rufe baki da gefen mayafi. Mamaki ne ya kama ta. Me kuma zai zama in ba mamaki ba?

Ga ni a ƙasan bene, ƙofar matar tela, neman aron babbar tukunyarta, wadda sai mutum biyu ke ɗauka. "Baƙi za ku yi ne, Baban yara?" Ni kuwa, bakina ya riga ni: "Hannuna ne bai san girkin mutum ɗaya ba." Kai! Ji magana! Wannan sai kukun gaske. Har ni na ji tsigar jikina ta tashi.

Duka a juye ciki. Rage wuta. Rufe. Ƙafata ta gaji, bayana na ƙara. Haka maman yara take tsayuwa kullum? A nan? Ba ko kujera?

Buɗe.

…tsaya. Sake ɗanɗanawa.

Allahu Akbar! Wake ya narke, dankali ya saki jiki ya ba ta kauri, naman ko tauna ba ya so, yajin ya koma can baya yana ɗumama ƙirji a hankali kamar an lulluɓa maka bargo daga ciki. Ni na yi wannan? To wa zai yi? Ai da ma haka tsarin yake: gishiri da fari, ruwa daga baya, tukunya uku. Sirrin jirgi ke nan. Mutanen tudu ba za su gane ba.

Kwano a hannun maman yara. Kada ka kalle ta, kalli labule. Cokali ɗaya… biyu… ba ta ture ba. Gumi na tsattsafowa a goshinta. Ta ce in je, kallona na hana ta ci. Ta kore ni! Alhamdulillahi, ta fara faɗa!

Ƙamshi ya sauka bene kafin ni. Ga tela da kwanonsa, wai tukunya ya zo dubawa. Ga direba na sama, hula har kunne. Ga matar tela da roba biyu. Ku zo, ku zo, akwai! Tururi ya cika baranda, kowa na hura cokali yana jan hanci, direba na rantsuwa bai taɓa shan irinta ba. Ina za ka sha, bawan Allah? Ka taɓa keta teku? Mutum ɗari nake zuba wa a jirgi, ɗari da hamsin ranar da muka tsinto wasu a ruwa, kyaftin da kansa ke bin layi —

"Auta. Wane jirgi?"

Yaya. Yayata, a saman matakala, lema na ɗiga, ledar lemo a hannu, ta zo dubiya. Auta. A gaban mutane, da furfurata.

"Kai da aka sa ka a kwalekwale sau ɗaya ka yi wa mutane amai a ƙafa? Shekarun nan ba a shagon mijina kake ba, kana auna ƙusa?"

Cokalin tela ya tsaya a iska. Direba na kallon silin. Faɗi wani abu. Jirgin… shagon ai kusa da… hutu nake zuwa… ina bakin nan nawa ya shiga?

Daga ɗaki, ƙarar cokali na kankare gindin kwano. Sai muryarta, a dishe, tari da dariya a cakuɗe:

"Yaya, don Allah bari ya ƙaro min tukuna."

Ta cinye. Duka! Tana neman ƙari, jama'a, ku shaida, miyata ce —

Amma muryar nan… ba mamaki a cikinta. Ko ɗan ƙanƙani.

Ludayi na ɗiga min a ƙafa. Da zafi. Tun yaushe ta sani?