Gem ɗin Buhu Huɗu

Karo na uku ke nan Luke yana buga lambar buɗe gem ɗin, harafi bayan harafi. Allon kwamfutar ya yi 'yan juye-juyensa, sannan ya sake watso masa jan rubutun nan na Turanci: wannan lamba ba ta aiki a ƙasarku.

Ya ja dogon tsaki. A bayansa samari sun cika shagon buga gem ɗin maƙil, har da waɗanda suka hawo babur tun daga Danja, don ya baza labari cewa yau Asabar za a buɗe sabon gem. Gem ɗin tseren motoci ne, tsoho tukuf, wanda shi kansa Luke ya taso yana bugawa. Kamfanin da ya yi shi ne ya ɗauko shi, ya wanke, ya shafa masa fenti, ya ce wa duniya ga sabo.

Shagon na yayarsa Liatu ne, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Funtua. Tun da aka buɗe wani gidan gem mai manyan talabijin a kusa da injin auduga, cinikin Luke ya kwanta. Ita kuwa Liatu 'yar hatsi ce, ta daɗe tana kwaɗayin ɗakin ta mai da shi sito. Da ƙyar ya shawo kanta ta sayar da masara buhu huɗu daga gonarsu ta Malumfashi, da kakar nan da hatsi ba shi da daraja, ta ba shi kuɗin. Sharaɗinta ɗaya ne: in sabon gem bai dawo da mutane ba, buhunanta za su shigo.

Abin da ya fi ba shi takaici tun farko shi ne farashin. Kamfanin ya raba kuɗin gem ɗin ƙasa-ƙasa. Wasu ƙasashen an zaftare musu fiye da rabi, wai talakawa ne. Najeriya kuwa aka jera ta da masu dala. Ko wa ya gaya musu dala ake sharewa a tsakar gidajen Funtua, oho. Amma Luke ɗan gidan 'yan hatsi ne. Tun yana ƙarami ya san mai hankali ba ya sari a kasuwar gari. Ranar kasuwar Musawa ake bari, a auno da araha, a kawo Funtua. Shi ya sa da Mahadi mai gyaran waya ya ce masa akwai masu sayar da lambobin buɗe gem ɗin na wata ƙasa mai araha, bai ga wani abu sabo a ciki ba. Sari ne kawai. Ya sayi huɗu, ya goge tsohon gem daga kwamfutoci huɗu don sabon ya sami wuri. Ta biyar, wata kwarakwatsam da ke lungu, ko intanet ba ta ɗauka, sai ya bar ta yadda take.

"Mahadi," ya ce ƙasa-ƙasa, "zo ka ga aikinka."

Mahadi ya ratso mutane, ya leƙa allon, ya sosa ƙeya. "Ai sun ɗaure ta ne. Sai a can ƙasar take buɗewa."

"Da ka karɓi kuɗina ba ka ce haka ba."

"Ni ma ban sani ba, wallahi. Amma tsaya, zan sa kwamfutar ta yi kamar a can take."

Ya zauna ya yi ta latse-latse. Kwamfutoci uku suka ƙi fir. Ta huɗun, wadda ta fi duka lafiya, ta yarda aka yi mata ƙaryar, gem ya buɗe. Shagon ya ɗauki sowa, zuciyar Luke ta ɗan sauko. Murtala, wani tela da ya fi kowa iya tseren a unguwar, ya ja kujera ya naɗe hannun riga.

Abin ƙyama. Motocin suna ta sheƙi kamar an tsoma su a man gyaɗa. Fuskar direban nan da kowa ya sani an goge ta sumul, ta koma kamar kyandir ya fara narkewa. Kiɗan farko ma sun canza shi da wani gwangwani. Aka ba da alamar tashi, Murtala ya taka, motar ta yi gaba, ta daskare, ta yi tsalle, ta sake daskarewa. Da ta farfaɗo sai ga ta a cikin kwata, ƙafafu sama. Fankar kwamfutar ta kama ihu.

"Rage masa kyan," wani ya ce daga baya.

Mahadi ya rage inuwa, ya rage haske, ya kashe hayaƙin taya, ya sauke komai har gem ɗin ya fi tsohon muni. Duk da haka ɗingishi yake. Can sai wani ƙauri ya tashi, allon ya yi ɗif.

Murtala ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Luke, wannan ai ba tsere ba ne, jinya ce. Allah ya ba da lafiya."

Aka kwashe da dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, baburan Danja suka tashi, kuma Luke ya san sarai inda suka nufa. Mahadi ma ya tuna ya bar shago ba kowa. Luke ya zauna shi kaɗai yana jin haushi, na kamfanin da ya sayar masa da yarintarsa a lalace, da na kansa da ya miƙa hannu ya karɓa.

Da la'asar keke mai ƙafa uku ya sauke Liatu a ƙofar, gyalenta duk ƙaiƙayi. Ta dubi kujerun, ba ta tambayi komai a kansu ba.

"Ina kayan da ka saro?" ta ce.

Ya buɗe waya ya nuna mata layuka huɗu na haruffa da lambobi.

"Wannan ne buhu huɗu?"

"Shi ne, Yaya. Ba lalacewa suka yi ba. Sai dai a ƙasar da aka saye su kawai suke aiki."

"To ka mai da su can ka sayar mana, ko da faɗuwa ce."

"Ba a mayarwa. Na riga na buga su."

Ta kau da kai daga wayar. "Ni masarata in na auno ta a Musawa, har Legas ana cin ta. Ba ta taɓa tambayar kowa ɗan ina ne ba." Ta yamutsa fuska. "Tir. Wannan ba kasuwanci ba ne."

Luke ya mai da wayar aljihu. Ta juya za ta fara duba ɗakin, sai ta tsaya. Kwamfutar lungu tana kunne tun safe ba wanda ya kula ta, tsohon kiɗan yana fita a hankali daga 'yar lasifikarta. Liatu ta san kiɗan. Suna yara tare suke satar hanya bayan makarantar Lahadi su je su buga, kuma ita ke cinye shi kullum.

Ta ajiye jaka, ta zauna. Motar ta tashi sumul, ba ko tangarɗa. Ta sha kwanar gada, ta wuce ta farko, ta wuce ta biyu, harshenta a gefen baki kamar da. Luke ya tsinci kansa a tsaye a bayanta, har wani fata ya fara tsiro masa.

Ta ci tseren. Ta miƙe, ta gyara gyale, ta tafi bango ta fara auna ɗakin da ƙafa, tana lissafi da leɓe.

"Gobe bayan coci 'yan dako za su zo," ta ce. "Ka fitar da kwamfutoci huɗun nan, ka nemi mai saye." Ta kai ƙofa, ta waiwayo ta nuna lungun da haɓa. "Waccan ka bar ta. Buhu ba ya zama daidai a wurin."