Hatimin Babu Wuri

Wata bakwai na yi ina buga wa mutane hatimin da ke cewa ba su da mazauni a duniya.

Ofishinmu ne ke ba da katin zama, wanda sai da shi yaro zai rubuta jarrabawar shiga sakandare. Ɗaki ɗaya ne mai tebur huɗu, da fanka mai kuka, da banɗaki a ƙurya wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tokare ta da bokiti. A fom ɗin akwai layi biyu, sunan titi da lambar gida. Mutanen unguwar bayan babbar kwata ba su da ko ɗaya, don can babu titi mai suna, sai lunguna. Su ake buga wa hatimi mai kalmar Turanci guda ɗaya, nowhere, a jefa takardar cikin kwalin da ke jingine da bangon banɗaki. Bangon yana tsatstsafar da ruwa. Takardun da ke ƙasan kwalin sun manne da juna, sun yi baƙi, suna wari kamar tsumman da aka manta a baho.

Ranar da na fara aiki na tambayi shugabanmu, wanda muke kira Oga, ma'anar hatimin. Ba don ban sani ba, Turanci na karanta a jami'a, kuma ni ce ta ɗaya a ajinmu. Yana sakace da gefen wani fom ya ce ma'anarsa a dawo wani lokaci. Da na koma gida na buɗe ƙamus, in tabbatar ba ni ce na zare ba. Wurin da babu shi, in ji ƙamus. Ana faɗar kalmar kan abin da aka nema ko'ina aka rasa, ko tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina ba. Na rufe littafin na dubi ɗakinmu, ga gadon Inna, ga keken ɗinkinta, ga jakar makarantar ƙanwata Auta a rataye. A bayan babbar kwata muke. Can aka haife ni.

A ofis babu wanda ya sani. Adireshin Goggo da ke cikin gari na rubuta a takardar neman aiki, na kuma roƙi Inna kada ta taɓa zuwa inda nake. Ta ci gaba da taka kekenta.

Mai teburin kusa da ni, Anti Mai Turare, da zarar ta hango su a layi sai ta zaro kwalba ta fesa wa iska, ta ce 'yan babu wuri sun iso, kowa ya kula da birorinsa. A yi dariya. Ni ba na dariya, amma ina bugawa. Na buga wa telan unguwarmu, da matar mai gyaran rediyo, da malamin da ya koya mini haɗa baƙi, wanda ya gane ni sarai ya sunkuyar da kai don ya rufa mini asiri. Kullum in na dawo sai na wanke hannu da sabulu sau biyu, tawadar ta fita, ƙyamar ta zauna.

Abin da ya fi ci mini rai, tun a wata na uku na san gaskiya. Littafin ƙa'idar aiki shi aka tokare ƙafar teburin Oga da shi don kada ya yi rawa. Wata rana ya fita cin abinci na zaro na karanta. Shafi na goma sha biyu ya ce inda babu sunan titi, a kwatanta gidan da abin da ido ke gani. Hatimin kuwa don matafiya masu wucewa aka sassaƙa shi. Kwatance yana cin minti biyar, hatimi daƙiƙa ɗaya, shi ke nan dalilin. Na mayar da littafin ƙarƙashin tebur na ja bakina.

Sai jarrabawar Auta ta zo, za a rufe karɓar kati ranar Alhamis. Na ce da Inna mu sa adireshin Goggo. Ta ce ba za ta dangwala yatsa a kan gidan da ba nata ba, ita ba ta saci ɗakinta ba balle ta ɓoye shi.

Ranar Talata na ɗago kai na gan ta a layi, da mayafinta na fita, Auta a bayanta da rigar makaranta an goge. Anti ta fesa turare. Da suka iso gabana Inna ta ajiye fom, ta dubi bangon bayana.

"Sannu da aiki, Malama," ta ce.

Ni ta kira Malama. Matar da ta ɗinka rigar da ke jikina.

Oga ya leƙo ya ga layi biyun nan babu komai, ya turo mini hatimi da bayan hannu. Na bar shi a inda ya tsaya. Na tashi na jawo kujerata na zagayo wa Inna da ita.

"Inna, zauna. Kin sha tsayuwa."

Kwalbar Anti ta tsaya a sama. Na ɗauki biro na rubuta a tsaye: gida na huɗu daga famfon unguwa, ƙofa shuɗiya, da bishiyar mangwaro a gaba. Na kai wa Oga. Ya ce shi ba ya sa hannu a tatsuniya. Sai na ɗaga gefen teburinsa na zaro littafin, shayinsa ya kife a kan jarida da wandonsa, na karanta shafi na goma sha biyu da ƙarfi, na fassara wa masu layi kalma bayan kalma.

"Ke kin san wurin ne?" ya ce, yana share wandonsa.

"Daga can nake zuwa kullum, Oga. In babu shi, to wata bakwai ke nan aljana ce ke gaishe ka da safe."

Wani tsoho a layi ya yi dariya har da tari. Oga ya dubi mutanen, ya ga duk shi suke kallo, ya sa hannu kamar mai yanka takardar. Auta ta karɓi katinta da hannu biyu. Inna ta tashi, ta gyara mini wuyan riga, ta ce zaren nan ya fara saki, in tuna mata.

Washegari na tarar an mayar da teburina bakin banɗaki, kwalin a kai. Oga ya ce tunda dangina ne, in ji da su. Anti kuma yanzu ɓangarena take fesawa.

Nan nake har yau. Ina raba takardun da reza, in shanya su a taga, in rubuta kwatance, don na san kowane lungu da kowace ƙofa. Wasu sun ruɓe, sunan ma ya gudu. Oga yana sa hannu a ɗaya in ya ga dama, ya bar biyar su kwana. Ta malamina sai da na kai wa Oga sau shida. Auta ta rubuta jarrabawarta. Hatimin yana cikin durowar Oga, jiya ma na ji ƙarar bugunsa sau biyu, na tashi na je na kwaso takardun tun tawadar ba ta bushe ba.