Ɓerayen Auta

Mai walda ba ya yarda da abin da aka yanke aka haɗa. Shekara da shekaru yana liƙa ƙofofi da ƙafafun gadaje, ya kuma sha faɗa wa masu kawo masa aiki cewa ƙarfe a bakin haɗi yake karyewa. Don haka ranar da likitan yara ya ce masa maganin ciwon 'yarsa Gimbiya shi ne a yanki wani ɓangare na hantarsa a dasa mata, sai ya saɓa yarinyar a kafaɗa, ya ce zai yi shawara.

Ciwon na gado ne. Shi yana ɗauke da rabi, matarsa tana ɗauke da rabi, bai taɓa kwantar da ɗayansu ba, sai a jikin Gimbiya suka haɗu. Idanunta sun yi rawaya, cikinta ya yi tulu, tana susa har fatar ta yi jini. An gwada uwar, jininta bai dace ba. Nasa ne ya dace.

Shawarar wurin ƙanwarsa ya kai ta, autar gidansu, wadda ke aiki a wata cibiyar binciken magunguna. Ta sa masa farar riga da ledar rufe takalmi, ta tsayar da shi a bayan gilashi. Ciki akwatunan roba ne jere a kan kantoci, kowanne da kwalbar ruwa da dusar katako.

"Duk karatun nan naki, Auta, a kiwon ɓera ya ƙare? Mu da muke ɗana musu tarko a gida!"

"Yaya, nawa ɓerayen kullum likita na kansu. Kai yaushe rabonka da awon jini?"

Ta nuna masa na hagu, sun takure a lungu, gashi a yamutse. Irin ciwon Gimbiya aka haife su da shi. Na dama ma haka aka haife su, sai dai an yi musu allura a jijiyar wutsiya: wata ƙwayar cuta ce da aka zare wa dafi, aka ɗora mata lafiyayyar ƙwayar halittar da hantar ta rasa, ta kai ta can ta sauke. Na daman kuwa sai tsalle suke. Akwai wani ƙato da ya haye murfin abinci yana gyara gashin baki.

"Wancan Manaja ne," in ji mai walda. "Ga tumbi, ba aikin fari ba na baƙi." Ya yi dariya, sannan ya kafa goshi a gilashin. "Ba yanka, ba ɗinki? Allura kawai?"

"Yaya, ɓera ne fa. Kafin abin nan ya kai ga ɗan Adam sai an bi ta kan manyan dabbobi. Shekaru ne. Ka koma wurin likitanku."

Ya ji ta. Amma gani ya kori ji.

Tun daga ranar, duk sa'ad da asibiti suka kira, sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Matarsa ta yi magana da lalama, ta yi da kuka.

"Baban Gimbiya, wuƙar kake tsoro?"

"Don kaina? Su cire duka ma. Ita ce ba na so a tsaga a liƙa mata abin da za ta yi ta lallaɓawa har ta mutu. Na ga maganin da idona."

Yakan kira Auta ya tambayi lafiyar Manaja. Takan ce yana nan ƙalau, ta ƙara da cewa ya koma asibiti. Yakan riƙe farkon maganar ya zubar da ƙarshenta. A haka rigunan Gimbiya suka daina rufe cibiyarta, ta daina zuwa makaranta.

Wata rana da hantsi yana tsugunne yana haɗa ƙyauren shago, sai ya ga takalman ƙanwarsa a gabansa. Ba ta taɓa zuwa rumfar ba. Ya ɗage gilashin fuska.

"Likitar ɓeraye da kanta? Ko kejin ne ya ɓalle?"

Ba ta yi dariya ba. "Gwajin ya ƙare, Yaya. Mun buɗe su."

"Buɗewa kamar yaya? Har da Manaja?"

"Dole sai an ga hantar da ido. Allurar ta yi aikinta, ciwon ya tafi. Amma a yawancinsu ƙari ya tsiro a hantar, ƙulli-ƙulli. Nasa ya fi na kowa."

"To ai sai ku gyara allurar."

"Za mu gyara. Daga farko za mu sake." Ta dubi ƙasa. "Ba a lokacin Gimbiya ba. Da ma ban kai ka wurin gilashin nan ba."

Ya kashe injin, ya naɗe wayar waldar a gwiwar hannu a hankali kamar kullum, ya rataye ta. Ko hannu bai wanke ba ya tafi gida ya ɗauko 'yar.

Likitan yaran bai yi masa gori ba. Ya sa aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka kwantar da ita. Washegari ya kira shi ofis, ya ja masa kujera.

"Na shirya, likita. Yau ma in kuna so."

"Ciwon ya taɓa mata ƙoda da huhu. A yadda take, jikinta ba zai ɗauki aikin ba. Za mu yi ƙoƙari ta ɗan farfaɗo, mu gani."

"Tana farfaɗowa kuwa, irin haka?"

"Wasu sukan yi," in ji likitan.

Mai walda ya dafa gefen cikinsa na dama. "Tawa hantar fa? Ko ita ma ta lalace?"

"Taka lafiyarta lau."

Ya koma ɗakin. Matarsa na gefen gado, Auta na tsaye jikin taga, babu mai kallon wani. Gimbiya ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji. Nas ta riga ta ce kada a ba ta da yawa, don haka ya tsoma yatsa a kofi, yatsan da har yanzu akwai baƙin ƙarfe a farcensa, ya shafa mata a leɓe.