Binnen Inna Furera

Akwai laifin da ba hannu ke yinsa ba, baki ne, idan ya yi gum alhali ya sani. Shi ne laifin Najib ɗan Malam Nababa.

Su biyar suka sauko daga a-kori-kura a bakin gonakin ƙauyen su Najib, arewa da Ɗanbatta, duk ɗaliban injiniya daga jami'a. Sun zo da wata na'ura mai taya shida da baki irin na shebur, wai don ta haƙi ƙasa a duniyar wata, ta tara ta tudu guda, ba mai tuƙa ta. Ranar Juma'a za a rufe karɓar bidiyon gwaji na gasar da suka shiga, kuma sai a rairayi mai laushi.

Khaulat, shugabarsu, ta hango wani fili fes, ko kara babu. "Kai! Kamar watan ne da kansa. Najib, na wane ne?"

"Na maƙwabciyarmu ne, Inna Furera."

"Ba komai a ciki, ko?"

Najib ya ga sawun dunduniya a jere, layi-layi. Tun yana ƙarami ya san ma'anarsu: binne ne, geron da ake turbuɗewa a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Ya san tsohuwar mijinta ya rasu, irin nan kuwa cikinta ta hana tun kaka. Amma gonar ubansa an baza taki, tayoyi za su maƙale. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya kama gefen na'urar ya taya su saukewa.

Awa uku na'urar tana kai da komo, tana kwashe saman ƙasar tana juyewa a kusurwa. Suka yi tafi, har da shi. Da za su tafi, Inna Furera ta tare su a ƙofar gida da ƙwaryar fura. "Najibu, Allah ya kai ku watan lafiya." Najib ya kurɓa sau ɗaya, ya miƙa wa na kusa da shi.

Ranar Asabar ruwa ya sauka. Kwana huɗu bayan nan ubansa ya kira shi a waya. "Ka zo gida yau."

Da ya iso, uban bai bar shi ya ajiye jaka ba, ya sa shi gaba har gona. Gonakin kowa sun yi layin kore. Ta Inna Furera tana nan tas kamar tafin hannu, sai tudun na'ura a kusurwa, gero ya tsiro a kansa a cunkushe, dubbai, suna shaƙe juna. Tsohuwar na tsaye tana kallo.

"Ka sani, ko ba ka sani ba?" in ji Malam Nababa.

"Na sani, Baba."

"Da rashin sani ne da na yi shiru. Ni na koya maka binne da wannan ƙafar."

"Malam, ƙyale yaron," in ji Inna Furera. "Ƙila a makaranta ba a kallon ƙasa." Najib ya gwammace da marinsa ta yi.

"Za ka ɗebi iri a rumbuna, ka ɗauki sungumi ka sake mata shuka," in ji uban. "Kuma ka ji: Ba inda za ka sai an gama noman farko."

"Baba, an zaɓe mu. Litinin za mu tafi gasar ƙarshe."

"Ai kun ce abar taku ba ta bukatar mai tuƙi. Ta je."

Ta kuwa je. Ga abin da shirun minti ɗaya ya ci wa Najib: kujerarsa a motar tafiya, aikin wata takwas da wasu suka tsaya suka yi bayaninsa, da fatar tafukansa biyu da ƙotar sungumi ta saɓule. Ubansa ya yi sati uku yana amsa gaisuwarsa ba tare da ya ɗago kai ba. Inna Furera kuwa kullum da hantsi sai ta kai masa fura gona, ta zauna a gindin tudun, sai ta ga ya shanye.